Akushinki da Na Shafa wa Barni

Ke mai karanta wannan, musamman ke da kike son kome na ɗakinki ya yi ƙyalli, ba don nishaɗinki na rubuta ba. In akwai gwangwanin barni a gidanki, wato ruwan nan da kafintoci ke shafa wa katako ya yi sheƙi, tashi ki duba inda yake kafin ki ci gaba. Sauran maganar tsakanina ce da mahaifiyata. In za ki saurara, ki saurara da ladabi.

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ɗiyarki a Filinge. Allah shi kai haske makwancinki. Bayan haka, na zo miki da laifi, kuma ban san yadda zai ƙare ba.

Da aka raba kayanki bara, ni na ɗauki babban akushin nan baƙi na icen ɗanya, wanda kike zuba wa Baba tuwo. Ina tuna ki zaune a inuwar rumbu bayan an gama yankan hatsi, kina goga masa man shanu da tsumma, kina cewa, "Shi ma yana jin ƙishirwa." Ni ban kula da shi ba. Shekara guda a hannuna, ya bushe, ya yi fari-fari, har ya soma tsagewa daga baki.

Watan da ya wuce Malam Isuhu kafinta ya zo ya shafe mana sabon teburi da benci. Da ya gama, ya bar saura a gwangwani, ya ce, "Hajiya, a ajiye nesa da wuta, ba shi da kunya." Iyakar abin da ya ce ke nan, domin ban tambaye shi kome ba. Mi zan tambaya? Ni ce na yi kwaleji a gidanmu. Na karanta manyan baƙaƙen Faransanci a jikin gwangwanin, na ga na katako ne. Ƙananan rubutun da ke baya ban tsaya kansu ba.

Shafi uku na yi wa akushinki da shi, Inna, ciki da waje. Na shanya shi kwana biyu, na taɓa na ji bai kama yatsa ba. Ya yi kyau har ina ganin fuskata a gindinsa. A raina na ce da kina nan da kin ga abin da ilimi ke yi.

Ranar Litinin da azahar na kwashe tuwo daga wuta, na zuba a ciki, na malala miyar kuka tana tafasa. Na ajiye wa autata Nana, takwararki, wadda kika bari tana koyon wanke-wanke, yanzu shekararta shida. Na ce yau za ta ci a akushin mai sunanta.

Loma biyu ta yi, ta ɗago kai ta ce, "Mama, tuwon nan na warin mota."

Kin san ni. Ke kika koya mini ba a raina abinci, ni kuma na ƙara da nawa. Na ce mata akwai yaran da ke neman ko ƙanzo ba su samu ba. Na ce bakinta ne ya saba da biskit. Na tsaya a kanta, hannuna a ƙugu, har ta suɗe. Tana ci hawaye na zuba, ni kuwa ina ganin tarbiyya nake yi. Ko loma ɗaya ban ɗanɗana ba.

Kafin la'asar ta fara amai. Ta ce kanta na juyawa, ta tashi za ta zo wurina ƙafafunta suka lanƙwashe. Da na ɗauko akushin, gindinsa ya yi fari, ya yi danƙo, na sa farce barnin ya biyo shi kamar fatar madara. Inda ya ɓace kuwa, na san inda ya tafi.

Maƙwabta suka cika gidan. Wannan ta ce a ɗura mata nono, waccan ta ce a sa mata yatsa a maƙogwaro. Ban bi ta kowa ba, na goya ta kamar jinjira, na tsai da kabu-kabu sai likita, gwangwanin a cikin zanena. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya juya shi ya karanta bayan, wurin da ni na tsallake. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Hajiya, ai kin iya karatu." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu tana shan ƙarin ruwa. Yanzu muna gida, aman ya tsaya. Amma majo ya ce mu koma ranar Alhamis ta sati mai zuwa a ɗebi jini, kuma in na ga farin idonta ya koma rawaya kafin nan, kar in jira kowa, mu kama hanyar Yamai. Kowace safiya ina fito da ita tsakar gida, in ja fatar idonta ƙasa, in duba. Wani lokaci in ga fari. Wani lokaci in rantse na ga rawaya, sai in kira mahaifinta ya duba, ya ce hasken rana ne. Ban yarda da idona ba, ban yarda da nasa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, Inna, yarinyar nan yanzu kome na miƙa mata sai ta sansana, sannan ta saci kallona ta ga ko zan yi faɗa. Tsoron abincin take, ko tsorona? Ban iya tambayarta ba.

Ran kasuwa na kai akushin wurin tsohon masassaƙin nan mutumin Tabla. Ya sa hanci a tsagar, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗiyata, ice sha yake kamar ƙasar rani. In kankare, in ƙona da ƙarfe, amma ko akuyata ba ta ci a ciki." Ya ce barni na abin zama ne da abin jingina. Na dawo da shi a kaina, na kife shi bisa rumfa. Ki yafe mini. Abu guda kika bar mini, shi ma na kashe shi.

Na yi kewarki, Inna. Da kina nan da kin zage ni tas, sannan ki karɓi yarinyar ki ɗora a cinya, ni kuma in samu in yi kuka.

Ya Allah, ka jiƙan mahaifiyata, ka yafe mata. Ka wanke cikin takwararta, ka bar mini ita. Ka sa Alhamis ta zo da alheri. Amin.

Jiya na tara gidan duka, manya da yara, na faɗa musu da bakina. Daga yau barni da fenti ba su ƙetare ƙofar madafa. Kuma duk yaron da ya ce abinci na wari, a sauke kwanon, babba ya ci loma uku a gabansa kafin a buɗe baki a yi masa faɗa. Ni ce farkon wadda dokar ta hau.

Ɗiyarki,
Hadiza