Sanyin Teburinmu

Mama,

Gaisuwa daga Townsville. Yaya mutanen Levuka, yaya ƙafar Baba da gonar gwaza? Ni lafiya lau nake, kada ki damu.

Sai dai abu ɗaya. A makaranta muna haɗa ruwan sinadarai biyu, mu auna saurin rikiɗarsu zuwa shuɗi. A lissafi sakan arba'in ne, sanyi ne ke jinkirta shi. Tun da abokin aikina Lachlan ya nutse a teku ya rasu, a teburinmu kaɗai sai ya kai tamanin. Malama ta ce, "Litia, sake lissafinki."

Jiya na ce a hankali, "Lachlan, ɗan matsa mana." Nan take ruwan ya rikiɗe.

Ki sa mu a addu'a a coci, mu biyun.

'Yarki,
Litia