Za a cire min haƙora ban busa ƙahona ba

Wani dattijo ne ya turo wannan da murya, ya ce a sakaya sunansa. Na rubuta yadda ya faɗa. Admin.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure, don na san da wuya a samu sa'ana a cikinku. Ɗiyata ce take karanta min hirarku a wayarta in ta kawo min abinci, ina ji kuna ba mutane shawara, wata ta hankali wata ta shirme, to yau ni ma na kawo tawa. Don Allah ku ba ni shawara, mai niyyar dariya kuma ya bari sai ya ji ƙarshe. Na haura tamanin da kyau, a Samaru aka haife ni, a nan nake har gobe. Likita ya ce sati mai zuwa za a cire min haƙoran gaba, su kaɗai suka rage min, duk suna girgiɗi, dasashin ya kumbura, ga ciwon suga, ya ce in aka bar su abin zai yi muni. Ba cirewar nake tsoro ba, sauran ma ai ba da kiɗa suka fita ba. Damuwata ita ce akwai wani ƙahon Turawa a adakata wanda mahaifiyata ta hana ni busawa tun ina saurayi, shi kuwa irin wannan ƙaho a kan haƙoran gaba yake zama, ranar da aka cire su ba ni ba ƙaho sai wanda za a busa mana ranar tashin ƙiyama.

Abin ya faro ne a shekarun hamsin da 'yan kai, kafin a ba mu mulkin kai. Samarun lokacin ba wannan ba ce da ɗalibai da masu keke napep suka cika, gonar gwaji ce ta Turawa da 'yan gidajen leburori, kwaleji ma sannan ake ta gini, tsakaninmu da Sabon Gari kuwa yawanci daji ne da gonaki. Mahaifina almajirin malamai ne, yana lebura a gonar gwaji yana koyar da yaran unguwa karatu da yamma, ya rasu ya bar ni da Iya da ƙannena mata biyu. Sai wani mai lambu ya ɗauke ni, ya ba ni keke ina kai masa latas da karas da kabeji kasuwar Sabon Gari, kukun Turawa da mutanen Kudu suna saye. Wallahi a lokacin ban san ɗan Adam yana da wani abu wai shi ra'ayi ba, abin da na sani a tashi, a nema, a ci, a kwanta.

Wata rana taya ta yi faci a wani layi na bayan kasuwa, ina tura keken sai na ji wani sauti daga shagon tela, ba algaita ba ce, ba sarewa ba, abu ne mai kauri da zaƙi, yana hawa yana sauka kamar mutum yana ba da labari ba tare da ya yi magana ba. Na tsaya cak, sai ka ce wanda aka yi wa asiri, har latas ɗin mutane ya yi yaushi a rana. Mai shagon wani Bayarabe ne, Baba Ojo, tsohon soja, a badujala ya yi aiki har aka kai su yaƙin Bama, ya dawo ya kama ɗinki. Ya leƙo da Hausarsa ta bariki ya ce, “Kai yaro, ɗinki ka kawo ko kunne ka kawo?” Na ce kunne. Ya ce in matso, ya kama haɓata ya buɗe min baki yana duba haƙorana kamar mai sayen rago, sannan ya miƙo min ƙahon, ja ne na tagulla mai maɓallai uku. Na cika kumatu na busa, abin da ya fito ko jaki zai ji kunyarsa. Baba Ojo ya yi dariya har da hawaye, ya ce ba da kumatu ake yi ba, in matse leɓɓana kamar zan tofar da ƙwayar riɗi. Na sake, sai ga sauti guda, siriri, amma nawa ne, daga cikina ya fito. Ranar na sha zagi wajen mai lambu, ko a jikina.

Daga nan kullum in na sauke kaya sai shagon Baba Ojo, ina goge masa riguna yana koya min. Ya ba ni bakin ƙahon, ɗan ƙaramin ƙarfe kamar mazurari, ina sa shi a aljihu, in na wuce Hanwa sai in jingine keke a gindin ɗorawa in yi ta motsa leɓe, shanun Fulani suna ɗago kai suna kallona. Ba a daɗe ba ya kai ni cikin wasu ma'aikatan reluwe masu haɗuwa ranar Lahadi su yi busa da ganga, akwai akawu mai taye a cikinsu, akwai direban jirgi, ni kaɗai ne Bahaushe. Ku ji ni da kyau, na yi aure, na ga 'ya'ya da jikoki, na je Makka, duk na yi farin ciki na gode wa Allah, amma ban taɓa jin ni ne ni ba kamar lokacin da ƙarfen nan yake bakina. Wanda bai gane wannan ba, ba zan iya ganar da shi ba.

To ana haka aka yi bikin wani akawun reluwe, muka rako ango da amarya a kan titi, Baba Ojo ya yi min alama in ja waƙar ni kaɗai. Na rufe ido na ja, mutane suka ɗau shewa, sai uwar amarya ta taho tana rawa ta manna min sule a goshi, gumi ya riƙe shi. Su a wajensu girmamawa ce, shi kansa akawu mai tayen an manna masa, Litinin ya koma ofis ba wanda ya kalle shi sheƙeƙe. Ni ma a nan hankalina ya tsaya, na manta ɗan waye ni. Ashe wata dillaliya 'yar unguwarmu tana gefen titi da ƙullin kayanta, ta gani da idonta. Kafin in turo keke Samaru labari ya riga ni, wai ɗan Malam ya zama maroƙin Yarbawa, ana liƙa masa kuɗi a goshi.

Yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Ni ne na fari a wajen Iya, tun da na buɗi ido ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ta yi hira da ni, in tana son wani abu sai ta ce wa ƙanwata Ladi, ce wa wancan kaza, alhali ina tsaye a wurin. Ran nan ina shiga gida ta kira sunana na yanka, ta dube ni ido cikin ido. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gidanmu ba a taɓa roƙo ba, ubana da allo aka san shi, ga 'yan mata biyu a ɗaka, wa zai zo neman ƙanwar maroƙi. Na ce ba roƙo ba ne, ta ce wanda aka liƙa wa kuɗi a goshi me ake ce masa. Sai ta ce in na ƙara kai ƙarfen nan bakina ba ita ta ce in busa ba, ba ta yafe min nonon da na sha ba. Rana ɗaya tal da ta kira sunana a duniya ke nan, kuma abin da ta kira ni ta faɗa min ke nan. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba, a zamanin gaskiya ta faɗa.

Baba Ojo, Allah sarki, har Samaru ya zo da goro ya ba ta haƙuri, ta aika masa da ruwa, ta yi magana ta bayan zana, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce a bari tukuna. Ladi ta tsegunta min cewa ta ji Iya tana cewa in an aurar da su za ta duba. Ni kuwa ina! Ta ina zan tayar mata da maganar, mutumin da ko gaisuwa kai a ƙasa nake yi mata? Ita ma na san kunyar ce ba za ta bari ta kira ni ba. Muka zauna kowa yana jiran lokaci. Da bazara ta zagayo sanƙarau ya shigo gari, ya kama ta, bakinta ya rufe, ina zaune a gefenta tana kallona ina kallonta har rai ya yi halinsa, ko Ladi ba a kai ga aurarwa ba. Bayan an share makoki na je wajen ƙanwarta, na ce ƙanwar uwa ai uwa ce, na roƙe ta ta sake ni, ta ce ba bakinta ne ya ɗaure ba, ba zai kwance ba.

Da Baba Ojo zai koma garinsu ya kawo min ƙahon a naɗe da ƙyalle, ya ce ba shi da wanda zai ba wa sai ni, ko ban busa ba in riƙe. Na riƙe. Na koyi tuƙi, na yi direba har na yi ritaya, yatsuna uku suna danna waƙa a kan sitiyari ban ma san ina yi ba. Duk shekara sai na fito da shi na goge, na ɗiga wa maɓallan man keken ɗinki, na mayar. Marigayiya matata takan ce, Malam, ko dai ka binne gawar nan ko ka tashe ta. Na tambayi malamai ba ɗaya ba biyu ba, wannan ya ce ai Iya taimakona ta yi ta raba ni da shagala, wancan ya ce tun da dalilinta aurar da 'yan mata ne kuma an aurar ai magana ta faɗi, wani ya ce in yi mata sadaka in yi istigifari. Duk wanda ya ba ni dama sai in ji zuciyata ta ƙi, duk wanda ya hana ni sai in kwana ina jin haushinsa.

Yanzu da maganar asibiti ta taso gidan ya rabu biyu. Ita ɗiyata cewa take Baba ka busa abinka, Iya da ta yi rai da tuni ta sake ka, mu rufe ƙofa ba wanda zai sani. Na ce ni fa, ni ba zan sani ba? Shi kuwa babban ɗana da ya ji sai ya hau faɗa, wai tsufa ne ya fara taɓa ni, mutum da ƙafa ɗaya a kabari maimakon carbi yana zancen ƙaho. Na ce masa tsufa ba hauka ba ne, ya kiyaye ni. Amma ya faɗi wata magana da ta tsaya min a rai, ya ce ka yi mata biyayya shekara da shekaru, sai yanzu da ka kusa zuwa inda take za ka saɓa? Ladi da za ta raba mu gardama ta riga ni tafiya, babu sauran mai rai da ya san muryar Iya sai ni. Gaba kura baya sayaki.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa ko ɗayansu ba, ku zan faɗa wa tun da ba ku san fuskata ba. Yanzu daga ɗakina zuwa masallaci sai na tsaya na huta, numfashin ya ƙare, leɓɓan sun saki, haƙoran ko tsire ba sa iya ja. Ina tsoron in yi ƙarfin hali in kai shi bakina, in ɗauki alhakin maganar uwata a ka, in busa, iska kawai ta fita. Ga shi na saɓa mata, ga shi ban ji sautin ba. In kuma na bari aka cire, zan mutu ban san ko da sauransa a cikina ba. Ban ga hanyar da zan bi in fita da daɗin rai ba, wallahi ban gani ba, kuma raina yana ƙuna.

Shi ya sa na zo gare ku. Wanda uwarsa ta rasu da magana a kansa ba ta janye ba, ya gaya min yadda ya yi. Kada ku ce min in yi haƙuri, haƙurin ne ya kai ni tamanin. Ku gaya min kawai, in ku ne, za ku buɗe adakar kafin ranar asibiti, ko za ku je ku buɗe wa likita baki ku dawo gida?