Ɗigo Biyu Aka Ce

Zuwa ga Uwar Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Babban Yaya? Inda aka ɗebi ɓargon da aka dasa wa Auta ya daina yi masa ciwo? Ki gode masa. Ni ko ɓargona faɗuwa ya yi a gwajin, ya gaji mai shi.

To, mijinki ya sake yin halinsa.

Kin san maganin nan mai ƙarfi da aka ɗura wa Auta kafin dashen, har yanzu bai sake ta ba, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Sai wata nas ta kawo man na'a-na'a a 'yar kwalba, ta ɗiga biyu a auduga ta ce ta riƙa shaƙa. Wallahi ya yi. Har shayi ta sha, ya zauna.

Ni kuma da ilimina na aji huɗu sai na buga lissafi: in ɗigo biyu ya yi haka, ina ga rabin kwalba? Na juye a takunkumin fuskata da rigar da asibiti ke ba mu, na shiga ɗakin ina taƙama kamar ango. Auta ta yi ta amai har ba abin da ya rage sai kakari.

Yanzu ko daga nesa ta jiyo na'a-na'a sai zuciyarta ta tashi. Nas ta ce hanci ba ya mantuwa. An gwada citta, an gwada lemo, shiru kake ji. Abu ɗaya da ya karɓe ta, ni na lalata mata shi.

Ban yi kuka ba, kada ki damu. Na zauna a benci na cinye abincin da aka fito da shi daga ɗakinta. Ban san ko mene ne ba. Ta gilashi nake kallonta, ta yi ƙanƙanta a gadon, kanta sumul kamar nawa.

Likita ya ce tunda ba ta ci, gobe za a zura mata robar abinci ta hanci. Ita ce abin da ta fi tsoro, kuma ranar da muka zo na dafa ƙirji na ce muddin ina raye ba mai saka mata.

Ba ta sani ba tukuna. Nas ta ce bari ta gaya mata, na ce a'a, bakin da ya ɗauki alkawari shi zai sauke. Na yi wanka, na sake kaya, an ce zan iya shiga. Ina nan bakin ƙofa ina neman barkwancin da zan fara da shi, ban samu ba.

Ki gaida yara, ki sa mu a addu'a.

Naki,
Baban Auta