A Ɗaura Kafin Mu Dawo

Zuwa ga Yaya Lawali, Matameye.

Ina gaisuwa. Yaya Balki da yara? Yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Muna Yamai lafiya, sai ƙafafun ɗana Ɗahiru. Likita ya ce jijiya kamar wayar wuta take, robar tasa ce ke salewa. Akwai ƙwayoyin halitta a ƙwaƙwalwa masu sake lulluɓe ta, amma nasa sun gaza. Bai ce zai warke ba.

Don Allah a ɗaura aurensa da Sadiya ranar Juma'a, ka zama wakilinsa. Ka ce wa iyayenta aiki ya riƙe shi. Na tsufa, Yaya, ba na iya ɗaga shi. In ta tare ta gani, kunya za ta hana ta fita.

Ƙanwarka, Rahama