Akuyar da Barmo Ya Kawo wa Raliya

Zuwa ga Yaya Ummu, a Arlit.

Assalamu alaikum. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam Attahir, ya kuma ƙara masa sauƙin ƙafar. Mu nan Tanut lau muke, gero ya yi dama-dama, Inna ma ta fara taɓa tuwo.

Yaya, na san kin ji an kori ƴarki Raliya daga kantin da kika yi ta roƙo aka ɗauke ta, kuma tun ranar ba ki ɗaga wayarta ba. Shi ya sa na rubuto, don ke a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Kantin nan ba a ciniki, kuɗin kowane kaya a rubuce yake. Amma takardar da ke ƙarƙashin babban kwalin sukari ta ƙaramin ce, sai ka je wurin biya injin ya faɗi wani abu daban. Mu ƴan gari tsaki muke yi mu mayar. Makiyayi kuwa, kin san su, gara ya kwana da yunwa da ya mayar da kaya gaban jama'a a ce bai da shi. Mai kantin ya san haka sarai, ranar kasuwa yake sauya takardun.

To wani dattijo makiyayi, Barmo, ya zo daga Tenhya, ya sayar da rago don sunan jikarsa. Ya sa aka karanta masa kuɗin sukari da shayi da mai, jika tara na sefa. Ya iso gaban Raliya wurin biya, inji ya ce sha huɗu. Sai ya fara kwance bakin rawaninsa inda ya ƙulle kuɗin motar komawa. Ƴarki ta ɗaga murya ta ce kuskuren na kanti ne, ba na Baba ba, ta karɓi tara. Kafin la'asar an sallame ta.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na wanke ta tas, don da albashinta muke sayen maganin Inna. Ta bar ni na gama, sannan ta ce rawanin dattijon irin na marigayi Babanmu ne. Wallahi kunya ta kama ni.

Shekaranjiya sai ga Barmo a ƙofar gida da jar akuya mai ciki, wai da tambaya ya gano mu. Ya ce habbanaye ce, irin aron dabba da suke yi tsakaninsu: Raliya ta riƙe ta, ƴaƴan nata ne, daga baya ta mayar da uwar. Na ce ai ba mu kai ga haka ba. Ya ce ba don jika biyar ba ne, don ta rufa masa asiri gaban mutane.

Ja'irar akuyar har ta cinye min zogale, kowa na dariya ban da Raliya. Da Barmo ya tafi, abin da ta tambaye ni kawai shi ne ko kin kira.

Maganin Inna za mu san dabara. Ki gaishe min da Malam, da Jibrin da Nafisatu. Inna na gaishe ku, ta ce ita ta yafe albashin. Yaya, don Allah ki kira ƴarki.

Ƙanwarki,
Hadijatu