Jan Gargaɗinku Ya Raba Ni da Tashar Daura

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin da ya ƙera burauzar da ke cikin wayoyinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku.

Sunana Habibu, sana'ata fenti da rubutun mota a wata tasha a nan Daura. Gadon sana'ar na yi. A gindin bangon da mahaifina ya zauna da gwangwanayen fentinsa har Allah ya karɓi ransa, a nan nake zama. Na rubuto muku a fili ne saboda na cike wurin koke na shafinku, abin da ya dawo mini kawai amsar inji ce mai godiya da haƙurina.

Ga abin da ya faru. Akwai wani wasan tuƙin manyan motoci da direbobi da 'yan kamasho suke bugawa a waya idan ana jiran lodi. Motocin cikinsa duk na Turai ne, tas-tas, ko ƙura babu a jikinsu. Masu wasan sun ba da dama kowa ya zana tasa motar ya ƙara a ciki, ni kuma da hannuna ke ƙaiƙayi sai na koyi yadda ake yi. Na fara da motar Baba Sale, abokin mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Kongolam har ciwon ido ya sa ya ajiye tuƙi. Na yi mata bodin katako, na zana tsuntsayen da ke gefenta, na rubuta "Sai Godiya" a goshinta kamar yadda mahaifina ya rubuta a ta gasken. Ranar da na nuna masa, tsohon nan ya kai wayar dab da idonsa ya daɗe yana kallon motar, sannan ya sa mini albarka.

Daga nan kowa ya ce sai an yi masa tasa. Kyauta nake yi, domin ba da shi nake ci ba.

Matsalar ta taso ne bayan ƙaramar sallah. Ɗan Baba Sale da ke aiki a kudu ya nemi motar mahaifinsa, na aika masa adireshin da zai sauke ta. Yana dannawa burauzarku ta rufe fuskar wayarsa da ja, ta ce fayil ɗin na iya cutar da shi. Ya ɗauki hoton gargaɗin ya tura zauren hira na waya na direbobin tasharmu. A makon kuma aka yi rashin sa'a wani ɗan damfara ya kira wani direba, ya yaudare shi ya karɓi lambar sirrinsa ta banki. Direban yana da mota ta zanena a wayarsa. Ba sai na faɗa muku yadda aka haɗa biyun ba. Ciyaman ɗin tasharmu ya kira ni, cikin mutunci ba tare da tsawa ba, ya ce in ɗan dakata da zuwa tasha har sai an gane gaskiyar magana.

Ina da abubuwa uku da nake so ku duba.

Na ɗaya, babu cuta a fayil ɗin. Hotuna ne kawai da na zana da yatsana. Emeka, maƙwabcina mai sayar da kayan gyaran mota, ya sa shi a kwamfutarsa ya bincika da manhajar kama bairos, bai ga komai ba. Ya je da ƙafarsa ya shaida wa ciyaman. Amma shaidar Emeka ta baki ce, taku kuwa ja ce mai cika fuskar waya, kuma tana nan a zauren kowa na sake kallonta.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna. Da na bi bayaninku a hankali, sai na tarar ba ku ce kun ga ɓarna ba. Abin da kuka ce shi ne fayil ɗin sabo ne, kuma mutane kaɗan ne suka taɓa sauke shi. To ai a nan haka abin zai kasance har abada. Mu ba ma sauke abu ɗaya sau biyu. Data tana da tsada, don haka mutum ɗaya ke saukewa, sauran su jeru a tura musu waya zuwa waya a ƙarƙashin rumfa. Motar Baba Sale ta je Zango, ta je Baure, ta tsallaka iyaka, duk ta hanyar turi, ku kuwa a lissafinku mutum ɗaya ne ya san ta. Ban da haka, direba ba ya yarda ya hau motar da ke ɗauke da rubutun wani. Wannan ya ce a sa masa sunan mahaifiyarsa, wancan ya ce koren nan bai kai na motarsa ba. Duk gyaran da na yi, fayil ɗin ya koma baƙo a wurinku. Ke nan gwargwadon yadda na kyautata wa mutane, gwargwadon yadda nake ƙara zama abin zargi.

Na uku, gargaɗin da Turanci yake. Yawancin mutanenmu launin suke karantawa, kuma direba ya san ma'anar ja tun kafin ya san sitiyari.

An ba ni shawara in riƙa gaya wa mutane su danna "ci gaba" kawai su manta da jan. Na ƙi. Na san gargaɗinku yana tsare mutane daga ɓarayi na gaske, kuma idan na koya wa direba raina shi yau, gobe da na gaskiyar zai zo haka zai tsallake shi. Ba na son in wanke sunana da asarar wani.

Don haka ina roƙonku, ku raba "ba mu san wannan fayil ba" da "wannan fayil mugu ne", ku ba su launi daban-daban, ku kuma rubuta su da Hausa. Ku samar da hanyar da ƙaramin mai zane irina zai miƙa aikinsa mutum mai rai ya duba. Sannan idan kun duba nawa kun ga babu komai, ku rubuto mini layi ɗaya da zan kai wa ciyaman. Ba diyya nake nema ba.

Aiki zan iya samu a wani wuri, akwai masu shaguna da ke neman a rubuta musu allo. Abin da ke hana ni sukuni daban ne. Baba Sale shi ya riƙe ni ranar da aka kai mahaifina makwancinsa, kuma har yau bai taɓa cewa ya zarge ni ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na tsugunna na gaishe shi a ƙofar masallaci, ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Amma tun da na durƙusa har na miƙe, hannunsa na dafe da aljihun da wayarsa take ciki. Wallahi abin ya yi mini ciwo, kuma na kasa ganin laifinsa.

Allah ya yi muku jagora a aikinku, ya tsare ku daga zargin abin da ba ku aikata ba, ya sa wannan wasiƙa ta faɗa hannun wanda zai karanta ta har ƙarshe.

Wassalam.

Naku,
Habibu mai rubutun mota,
Daura.