Baba Ya Ba Mijin Ƙanwata Mai Zobe

Wani ɗan gurup ne ya turo, ya ce a sakaya sunanshi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanmu da shan ruwa. Admin don Allah ka ɗora mani wannan yau ba sai gobe ba, lokaci ya ƙure mani. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zancen, in ban faro daga tushe ba za ku ɗauka haukata nike a kan ƙarfe da itace.

Ni magidanci ne, na haura arba'in, ina sana'ar walda a Agiye, amma asalinmu wani ƙauye ne a yankin Gazawa. Tun ina ƙarami Allah ya jarabce ni da son bindiga. Kada wani ya yi saurin zagina, ni ba ɗan ta'adda ba ne, ko farautar ma ba ta dame ni ba, tara su nike in gyara in rataye. Ina da adaka irin ta maƙeran da, wadda ake ɗura ma albarushi ta baki, ina da mai baki biyu, akwai wata da na tsinto kasuwar Cadawa duk tsatsa ta cinye ta, na zauna na tada ta. Wadda ke buƙatar permi, wato takardar izini, na yi mata, jandarma sun san da ni. Ran da babu aiki sai in fita bayan gari in jera gwangwanayen tumatir bisa suri in yi ta kaɗe su, in dawo gida raina fes. Matata har cewa take da ana ɗaura ma bindiga aure da tuni na cike huɗu.

To duk waɗannan da na lissafa, wallahi in aka ce in bada su a ba ni guda ɗaya da ke gidanmu, ko tari ba zan yi ba. Sunanta Mai Zobe. Kakanmu ya zo da ita daga wajen Katsina, ya same ta hannun wani Bature da ya yi ma jagora cikin daji. Irin wadda kuke gani a fim ɗin kaboyi ce, tana da wani mariƙin ƙarfe a ƙarƙashi mai kamar zobe, ka zura yatsu ka ja shi ƙasa ka maido, kwankon harsashi ya yi tsalle ya fita wani ya hau, ba sai ka sauke ta daga kafaɗa ba. Duk yankinmu babu irinta. Kuma ba farauta ake da ita ba, aikinta guda ne: in an ga watan azumi ko na salla, gidanmu ke harba ta sama don ƙauyuka da rugage su ji. Adaka sai an tsaya an sake ɗuri, ita kau a jere take magana, tau tau tau, kowa ya san muryarta. Yanzu ga rediyo ga portabul, wayar hannu ke nan, amma akwai tsofaffin da ko sanarwa ta fito daga ina, sai sun ji Mai Zobe suke yarda.

Baba ne ke harba ta tun ban san kaina ba, amma hidimarta duk a wuyana take. Lokacin da wani ɗan ƙarfe ya karye mata a ciki, ni na zauna na ƙera wani da hannuna har ya zauna daram. Harsashinta wuya gare shi, ba a samun shi ko'ina, ni ke bin hanyar da ta dace in nemo. Ni na yi ta safa da marwa a buro, ofishin hukuma, har takardarta ta fito. Ko idona a rufe zan kwance ta in maida. Amma ban taɓa harba ta ran ganin wata ba, don wannan na mai gida ne, ni dai in tsaya bayan Baba in miƙa mashi harsashi, ina ce ma raina wata rana. Abokaina na fada har Yarima suke ce mani don tsiya, ni kuma ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Bana ciwo ya kada Baba, idanunshi sun tafi, kafaɗar ma ba ta ɗaukar dukan bindiga. Gab da azumi ya aiko in zo. Na sa sabuwar riga na hau babur, ina tafe ina murmushi ni kaɗai kamar wani sabon ango. Na iske ya tara ƙannenshi da liman a zaure, ga Mai Zobe bisa buzu. Sai ya ce ina Buba. Buba mijin ƙanwata Rabi ne, Bafulatanin da iyayenshi suka zauna garinmu suka kama noma, mutum ne salihi ba ruwanshi, amma jama'a wannan bawan Allah in za a yi harbi toshe kunnuwa yake ya koma bayan rumbu. Shi Baba ya laluba ya ɗora ma bindigar a hannu. Ya riƙe ta kamar an ba shi jinjirin da ba a yanke ma cibi ba, yana ta cewa Baba a rufa mani asiri, ga Yaya nan.

Da mutane suka watse na tsare Baba, kuma na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mashi ba. Na ce me na yi, wane laifi na aikata da za a tsallake ɗan cikinshi a ba suruki, surukin ma wanda bai san gaban bindiga da bayanta ba. Ya bar ni na gama sarai, sannan ya ce haka gidan ya gada, ba a ba mai son ta. Wai shi ma yana da wa, marigayi Baba Babba, wanda ya fi ni haukar bindiga, amma Kaka ya tsallake wan ya ba Baba, don shi Baba a lokacin tsoronta yake ji. Wai mai tsoronta zai fiddo ta ran wata ya maida ta ya rufe, mai son ta kuwa kullum sai ya nemo dalilin ɗaukarta. Na ce Baba ka taɓa jin na nuna ma wani mahaluki bindiga? Ya ce ko kusa, ya san halina, ya yarda da ni, amma ba zai canza abin da ya tarar ba. Wannan ta fi ƙona mani rai, da ma ya ce ni mugu ne sai in san abin da zan gyara.

Ran da aka ga watan azumi na so in ƙi zuwa, matata ta ce in ban je ba duniya za ta zage ni. Na je. Buba ya fito dandali, ya runtse ido ya harba ta farko, da ya zo jan zoben sai ya ja rabi ya tsaya, harsashi ya cije, sai da na matsa na ce mashi ja har ƙasa mana, kai! Da ƙyar ta biyu ta fita. Amma ku zo ku ga guɗa, mata na ta yi, dattawa na ta sa mashi albarka, ana cewa Buba ya yi gado. Gadon wa? Ni da na san harbin nan ko kare ba zai ci ba, ni aka bari riƙe da jakar harsashi. Na koma Agiye ko tuwo ban iya ci ba. Tun ranar in na ji an ambaci Buba sai in ji wani abu ya tokare mani ƙirji, ko kishi ne ko hassada ku za ku faɗa, ni dai na san ba ni da lafiya. Rabi ta kira ni gaisuwa na balbale ta da faɗa, na ce ita ta kitsa ma Baba, ta yi ta kuka tana rantsuwa, Inna ta aiko a gaya mani in ji tsoron Allah cikin watan nan. Bindigogina da nike wuni ina shafawa, yanzu ko kallonsu ba na son yi.

Ana haka shekaranjiya ina gareji sai ga Buba ya sauko daga taksin daji, motar hayar ƙauye. Ya durƙusa har ƙasa gaban masu kawo aiki, ya ce Yaya wurinka na zo. Wai tun da aka kai bindigar ɗakinshi bai da sukuni, ya maida ma Baba ita har ya gaji, Baba ya ce in ya sake ya miƙa mani ita bai yafe ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce akwai matsala, zoben ya ƙi motsi gaba ɗaya. Na ce me ka yi mata? Ya ce ya ga ina shafa mata mai, shi kuma don ya girmama ta sai ya sa Rabi ta soya man shanu mai kyau, ya ɗura mata ta kowace kafa, ya jingine ta bayan ƙofa. Man shanu jama'a! Kamar wata ƙwaryar fura! Rairayi ya bi man ya daskare a ciki, har kiyashi sun samu wurin kwana. Wallahi sai da na ajiye abin waldar na zagaya baya, don ban san ko kuka zan yi ko shaƙe shi zan yi ba. Ya ce bai gaya ma kowa ba, ko Rabi ba ta san ta lalace ba, in taimake shi in gyara, kuma in koya mashi jan zoben yadda ya kamata kafin watan salla, kada ya kunyata Baba. Na ce mashi ya tafi zan yi tunani.

To ga inda nike. Duk faɗin yankin nan babu mai iya kwance Mai Zobe ya maida sai ni, aikin wuni guda ne a wurina. In na yi shiru na ce aiki ya yi mani yawa, ran ganin wata Buba zai tsaya gaban gari ya ja ta ƙi, kowa ya gani da idonshi. Na san ƙannen Baba, dama ba su so ba, a ranar za su taru su ce a ba mai ita kayanshi, kuma ban yi ƙarya ba, ban saci komai ba, ba ni na zuba man ba. Abokaina na fada duk sun ce in bar shi ya sha kunyarshi. In kuwa na gyara na koya mashi, to na sani da hannuna na rufe ƙofar, zai iya, garin zai saba da shi, ni kuma in mutu ina miƙa harsashi. Ba zan yi maku ƙaryar kirki ba, zuciyata ta fi karkata ga shirun.

Abu guda ke hana ni sakat. Jiya na kira Inna in ji jikin Baba, ta ce kullum da la'asar sai ya tambaya azumi nawa ya rage. Ya sa an gyara mashi wuri ƙofar zaure, wai ran da za a duba wata a fiddo shi tun kafin magariba, tunda ba zai gan shi ba bari ya ji shi. Inna ta yi ƙasa da murya ta ce yadda jikin nan yake, ba ta jin zai ga wani azumin.

Don Allah ku gaya mani gaskiya ko da zagi ne, zan karanta duka. Wanda ya taɓa jin irin wannan abin a ƙirjinshi, ya aka yi ya fita? In tafi in gyara ma Buba ita ya harba a yi mashi guɗa, ko in bar tsohon nan ya zauna ƙofar zaure yana kasa kunne har a kira isha'i bai ji komai ba?